Yadda ake gane ƙasa daga hoton titi: fashin baƙi kan cankar wurare a Afirka cikin wasan GeoGuessr

A majalisar shayinmu da ke Aboabo, nan Kumasi, ɗan yayata ya miƙo mini wayarsa wata rana bayan sallar isha'i. Hoton wani titi ne a buɗe. Kwalta ta miƙe sambal, jar ƙasa a kafaɗarta, an jera buhunan gawayi a bakin hanya, babu mutum ko ɗaya, babu allo. Ya ce, "Kawu, ina ne nan?" Ina cikin jujjuya hoton da yatsa sai wani dattijo da muke zama da shi, wanda ya shafe shekaru yana jan tirela tsakanin Tema da Wagadugu, ya ce a matso masa da wayar. Ya gyara zaman tabarau, ya dubi itatuwan, ya dubi buhunan, ya ce, "Yaro, an wuce Kintampo, ba a kai gadar Buipe ba." Yaron ya ɗiga alamarsa a taswira tsakanin garuruwan nan biyu. Da sakamako ya fito, kuskuren bai kai nisan Kumasi zuwa Offinso ba.

Wasan shi ne GeoGuessr, wanda wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Anton Wallén ya ƙirƙira a 2013. An gina shi a kan hotunan tituna da kamfanin Google ya fara ɗauka tun 2007 da kyamarar da ake ɗora wa mota. A jefa ka wani titi a duniya ba tare da an gaya maka ko ina ne ba, ka duba gabas da yamma, ka canki wurin a taswira. Zagaye biyar ake yi, kowanne maki 5,000, jimla 25,000, kuma iya nisan kuskurenka iya makin da za ka rasa. Akwai salon da za ka iya tafiya a kan titin har ka tarar da allo, akwai wanda ba a motsi, akwai wanda ko juya kai ba a yarda ka yi ba. Abin ya bunƙasa har an yi gasar duniya ta farko a birnin Stockholm a 2023.

Abin da ya tsaya mini a rai tun daren nan shi ne, dattijon bai taɓa jin sunan wasan ba, amma ya fi yaron da ya kwana yana haddar dabarunsa. Saboda haka na zauna na tsara wa kaina yadda ake karanta nahiyar Afirka a wannan wasa, daga faɗi zuwa ƙunci, kamar yadda mai tankaɗe ke fara da rariya mai manyan idanu.

Rariyar farko ba a cikin hoton take ba, a cikin kanka take. Afirka tana da ƙasashe 54 da faɗin kusan murabba'in kilomita miliyan 30, amma motar Google ba ta shiga yawancinsu ba. Afirka ta Kudu ce ta fara samu a 2010, gab da gasar cin kofin duniya. Daga baya aka bi da Botswana, Lesoto, Eswatini, Yuganda, Ghana, Sanagal, Najeriya, Tunisiya, Kenya, Ruwanda da Namibiya. Wasu wuraren, kamar dalar Giza a Masar ko tsofaffin masallatan Mali, da ƙafa aka ɗauke su, ba titunan ƙasar ba. Ke nan idan ka ga kantin da aka rubuta Faransanci, da yashi, da keken doki, kada zuciyarka ta tafi Yamai ko Bamako. Sanagal ce. Wannan ilimin kaɗai yana rage maka ƙasashe kusan 40 kafin ka ɗaga ido.

Sai hannun da ake bi. Manyanmu suna tuna ranar 4 ga Agusta 1974, ranar da Ghana ta bar hannun hagu da ta gada daga Ingila ta koma dama, shekara biyu bayan Najeriya ta yi haka a Afrilun 1972. Dalilin a fili yake: maƙwabtan da suka kewaye mu rainon Faransa ne, duk dama suke bi. Wannan tarihin ya zama kyauta ga ɗan wasa. Ghana, Najeriya, Sanagal, Tunisiya da Ruwanda dama suke bi. Kenya, Yuganda da duk ƙasashen kudancin nahiyar da ke cikin wasan hagu suke bi. Idan babu mota a titin, dubi inda allunan hanya suka fuskanta, ko gefen da aka faka motoci, ko gefen da motar kyamarar kanta take. Turanci a allo da hannun dama, to, kusan kullum gardamar ta rage tsakanin Ghana da Najeriya. Turanci da hannun hagu, ka tsallaka gabas ko kudu.

Rana kuwa ina jan kunnen mutane a kanta. 'Yan wasan Turai suna da ƙa'idar cewa rana a kudu na nufin kana arewacin duniya, rana a arewa na nufin kana kudanci. Gaskiya ce a Tunisiya, gaskiya ce a Lesoto, domin duk sun wuce digiri 23.5 daga layin da ya raba duniya biyu. A wurinmu ƙa'idar tana yaudara. Accra tana wajen digiri 5.6 arewa, kuma daga farkon Afrilu zuwa farkon Satumba ranar tsaka tana karkata ne arewa da mu. Layin kansa ya ratsa Kenya da Yuganda. Wanda ya ga rana a arewa ya ruga Botswana alhali yana Koforidua a nan Ghana, ƙa'idar wasu ce ya ɗauko ya auna ƙasar da ba a yi ta dominta ba.

Akwai kamfas da ya fi rana amfani a gare mu, kuma ban cika jin ana maganarsa ba. Masallaci ne. Duk wanda ya tashi a zango ya san ɗan ɗakin nan da ke turowa waje daga bangon gaba, inda liman yake tsayawa. Daga titi ana ganinsa, ko da masallacin na langa-langa ne. Wasan yana ba ka kamfas a gefen allo, jan bakinsa yana nuna arewa. Sai ka auna inda mihirabin ya dosa. Mu a nan mun saba cewa "fuskanci gabas" idan muna nufin alƙibla, domin daga Kumasi Makka tana wajen digiri 65 daga arewa, wato gabas mai ɗan karkata arewa. Daga Kano wajen 68 ne, daga Dakar wajen 74. To amma daga Nairobi wajen digiri 7 ne kacal, kusan arewa sak, daga Kampala wajen 18, daga Cape Town wajen 23. A birnin Tunis kuwa ta wuce gabas ta gangara kudu, wajen digiri 113. Ka ga nahiyar ta rabu gida uku da kallon bango ɗaya: mihirabi gabas, yammacin Afirka, mihirabi arewa, gabashi ko kudanci, mihirabi kudu maso gabas, bakin Bahar Rum.

Wannan dabarar tana da iyakarta. Ba za ta raba maka Ghana da Najeriya ba, tunda digiri uku ido ba ya kama shi a hoto. Kuma akwai ƙananan masallatan da aka gina bisa yadda fili ya ba da dama, aka karkata sahu daga ciki, haka nan wasu tsofaffin masallatan arewacin Afirka sun fi karkata kudu fiye da lissafin yau. Duk da haka, a zagayen da ba a motsi, inda ba ka da komai sai gini ɗaya da itace biyu, ta sha fitar da ni. Ina jin daɗinta ƙwarai, saboda ilimi ne da muka koya tun muna yara muna bin iyayenmu sallah, ba tare da mun san wata rana zai yi mana aiki a taswira ba.

Daga nan sai rubutu, kuma a nan ne ɗan zango ya fi kowa gata, domin kunnenmu ya saba da harsuna da yawa. Idan ka ga haruffan ɛ da ɔ a bayan trotro, wato bas ɗin haya, ko a goshin shago, mafi yawa Tonanci ne, wato harshen Twi, kana kudancin Ghana ko tsakiyarta. Idan ɖ da ƒ da ʋ suka shigo, Ewe ne, ka nufi yankin Volta. Idan ka ga ɣ da ʒ, Dagbani ne, Tamale da kewayenta. Ɗigo a ƙarƙashin ẹ da ọ da ṣ Yarbanci ne, ɗigo a ƙarƙashin ị da ụ Ibo ne. Duka, shule, kinyozi, hoteli, waɗannan Swahili ne, mafi kusa Kenya. Kalmomin da ke farawa da baƙi biyu iri ɗaya, kamar ss ko kk ko bb, Luganda ne, kuma galibin hotunan titunan Yuganda a Kampala da Entebbe suke.

Sunayen garuruwa ma suna da dangi. Wanda ya ƙare da krom ko ase ko so na Akan ne, haka Nkwanta, wato mararraba. Kope na Ewe ne, yili na Dagombawa. Keur a farkon suna Sanagal ce, ma'anarsa gida. Umu ƙasar Ibo ce, Oke da Ile ƙasar Yarbawa. Ha a gaban sunan ƙauye Lesoto ce. Fontein da burg a ƙarshe sun fito daga harshen Afrikaans. A Kigali tituna lamba gare su, da KN ko KG ko KK a gaba.

Hausa kuwa, abin mamaki, ita ce ke yaudarar Bahaushe. Ka ga "Sabon Zango" ko "Allah Ya Ba Mu Sa'a" a jikin mota, sai zuciya ta ce Kano. Alhali akwai Sabon Zango a Accra, akwai a Kumasi, akwai Sabo a Ibadan, kuma motar da aka yi wa rubutu a Zariya tana iya kwana a Fatakwal. Mu mutane ne masu yawo, rubutunmu yana bin mu. Kama da wane ba wane ba ce. Hausa a allo tana gaya maka akwai Hausawa a wurin, ba ta gaya maka ƙasar Hausa ce ba. Abin da zai tabbatar maka da arewacin Najeriya shi ne tarin shaidu: Unguwar kaza, Tudun kaza, katangar laka ko ta bulo mai tsawo da zaure, a-daidaita-sahu masu ruwan ɗorawa, da filin da ya buɗe babu daji.

Tunda mun zo nan, bari mu zauna a kan gardamar da ta fi cin maki, wato Ghana ko Najeriya. Lambar waya ita ce alƙali mafi adalci, kuma babu shagon da ba ya rubuta ta. Ta Ghana lamba 10 ce, tana farawa da 024, 054, 055, 020, 050, 027 da makamantansu. Ta Najeriya lamba 11 ce, irin su 0803, 0805, 0802, 0703. Ko ba ka iya karanta lambobin ba, tsawonsu kaɗai ya isa. Idan da lambar ƙasa, 233 tamu ce, 234 tasu. Wayar tebur ma tana kai ka gari: 030 Accra, 032 Kumasi, 037 Tamale.

Sai motoci. Google yana dusashe lambar mota da fuskar mutum, amma launi yana tsira. A Ghana motar haya lambarta rawaya ce gaba da baya, ta gida fara, kuma tasi an shafa wa kusurwoyinta huɗu fenti ruwan ɗorawa. A Najeriya lambar fara ce mai ɗan duhun kore a tsakiya saboda taswirar ƙasar, rubutun shuɗi ga motar gida, ja ga ta haya. Bas rawaya mai baƙaƙen layi biyu danfo ce, Legas ke nan. Gidan mai na GOIL Ghana ce, NNPC ko Oando ko Conoil Najeriya. Falwayar wuta a Ghana yawanci ta itace ce, a Najeriya yawanci ta kankare mai ramuka kamar tsani. 'Yan makarantar gwamnati cikin riga ruwan lemo da wando ko siket ruwan ƙasa namu ne. Allon makaranta mai M/A ko D/A ko R/C ko Presby na Ghana ne, mai LEA ko LGA na Najeriya, kuma kusan kullum akwai akwatin gidan waya da sunan gari a ƙasansa. A bangon gidaje a Ghana za ka ga ƙaramin allon adireshin zamani da aka fara a 2017, AK na Kumasi, GA na tsakiyar Accra.

Tarkuna kuma suna nan birjik. Bankunan Najeriya irin su Zenith, UBA da Access suna da rassa a Adum ta Kumasi da Osu ta Accra. Simintin Dangote ana sayar da shi a Ghana, ana sayar da shi a Sanagal. Rawayar MTN ta mamaye Ghana da Najeriya da Yuganda da Ruwanda da Afirka ta Kudu, saboda haka ba ta raba komai a tsakaninsu, sai dai rashinta a Kenya da Sanagal shi ne shaida: Kenya koriyar Safaricom da M-Pesa ce ta cika ta, Sanagal kuma Orange. Har lema a hoton siyasa tarko ce. Jam'iyyar NDC a nan lema ce alamarta, PDP a Najeriya ma lema ce. Bambancin shi ne tamu tana da baƙi a cikin launukanta da kan tsuntsu a samanta. Giwa NPP ce, tsintsiya APC. Titi mai suna N1 akwai shi a Ghana daga Elubo zuwa Aflao, akwai shi a Sanagal, akwai shi a Afirka ta Kudu daga Cape Town har iyakar Zimbabuwe. Shaida ɗaya ba ta yanke hukunci a wannan wasa, sai ta samu ta biyu da ta uku.

Kudancin nahiyar ba ya buƙatar dogon bayani. Layin rawaya a gefen kwalta da fari a tsakiya ya haɗa Afirka ta Kudu da Botswana da Lesoto da Eswatini da Namibiya, sai ƙasa ta raba su. Botswana shimfiɗe take, yashi da ƙaya. Lesoto duwatsu ne tsirara babu itace, duk ƙasar tana sama da mita 1,000, mutane cikin bargo a kan dawaki. Eswatini tuddai ne kore shar da gandayen itatuwan katako. Namibiya fili ne fetal da busassun duwatsu, lambobin motocinta rawaya. Tunisiya kuma Larabci da Faransanci, baƙar lambar mota, farin gini, da gonakin zaitun jere reras.

Yanzu ga abin da samari suka fi so, wato haddar motar Google kanta. Idan ka sunkuyar da hoton ƙasa, wani lokaci kana ganin ɓangaren motar da ta ɗauke shi. A tsofaffin hotunan Ghana ana ganin ƙarafan ɗora kaya na saman motar, an naɗe bakin ɗaya daga cikin na gaba da baƙin salatif. A Kenya akwai baƙin bututun shaƙar iska a gefen gaba. A Najeriya sau da yawa motar rakiya ta jami'an tsaro tana biye a baya. A tsofaffin hotunan Sanagal sararin sama yakan fito da tsaga, inda ɗinkin hoton bai haɗu ba. Waɗannan duk gaskiya ne, suna aiki, kuma wanda yake gasar daƙiƙa ba zai ƙi su ba. Ɗan yayata da su yake cin abokansa.

Amma ni ban ɗauke su ilimi ba, kuma na gaya masa. Zanen aro ba ya rufe katara. Ranar da aka sake zagaya ƙasa da sabuwar mota, salatif ɗin ya tafi, haddar ta tafi da shi, kuma hakan yana faruwa, domin kamfanin yana sabunta hotunansa. Ban da haka, salatif ɗin iyakarsa ya ce maka Ghana. Ba zai ce maka Axim ko Bawku ba, kuma tsakanin waɗannan biyu akwai ɗaruruwan kilomita da maki mai yawa. Wanda zai raba maka su shi ne itace da ƙasa da gini, abin da dattijon nan ya karanta.

Na tambaye shi daga baya, "Baba Alhaji, me ka gani?" Ya ce tun daga Techiman daji yake fara sakin hanya. Koko da ayaba da kwakwar manja da dogayen rimaye suna ja da baya, kashu da kunyar doya suna karɓa. Bayan Kintampo itatuwa sun gajarta, sun ba juna fili, ciyawa ta yi tsawo, kaɗanya ta fara yawa, kuma nan ne masu gawayi suke jera buhuna. Ya ce da an haye Yapei an doshi Tamale da ya ga zagayayyun ɗakuna masu jinka a haɗe da katanga, da darbejiya a ƙofar gida, da babura fiye da motoci. Da an kai Bolgatanga ko Navrongo da ya ga kuka da ɗorawa a tsakiyar gonakin gero da dawa, da jakuna, da gidajen laka masu shimfiɗaɗɗen soro. Duk wannan a kan titi ɗaya ne, N10, wanda ya bi ta Kumasi ya ƙare a Paga.

Sirrin da ke ƙarƙashin maganarsa ruwan sama ne. A yammacin Afirka ruwa daga teku yake zuwa, yana raguwa yayin da kake yin arewa, saboda haka ciyayi sun jeru kamar ratsin tabarma daga gabar teku zuwa Sahara. Kudancin Ghana damina biyu gare shi a shekara, arewa ɗaya. Jerin da ka gani daga Kumasi zuwa Paga shi za ka gani daga birnin Benin na Najeriya zuwa Katsina: kurmi, sai dajin kaɗanya da ɗorawa, sai ƙasar kuka da gawo da goriba. Gawo ma yana gaya maka lokaci, tunda shi da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Wanda ya riƙe wannan jeri zai iya kimanta nisan wuri daga teku ko da babu harafi ɗaya a hoton. Abu ɗaya ne ke karya jerin a wurinmu: filin Accra. Daga Tema zuwa Ada bakin teku ne, amma busasshe ne, ciyawa da gajerun itatuwa da surin gara, har da kuka jefi-jefi. Mutane da yawa suna ganinsa su kai alamarsu arewa. A gabashin Afirka kuma ba nisa daga teku ne ke mulki ba, tsawon ƙasa ne. Kericho tana dab da layin tsakiyar duniya, amma saboda tudu ce sai ganyen shayi da sanyi, alhali arewacin Kenya hamada ce.

Wannan karatun ƙasa ba baƙo ba ne a gidanmu. Kalmar zango da muke kiran unguwanninmu da ita asalinta masaukin ayari ne. Fataken da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina da jakuna da kanwa da tufafi, su haye Kwara, su ratsa Borgu, su bi ta Sansanne Mango da Yendi har Salaga don sayen goron Gwanja, watanni suke yi a hanya ba taswira. Madugu yana da jagaba da ke gaba, wanda aikinsa shi ne ya san rafin da ke da ruwa, da dutsen da ke nuna an kusa gari, da harshen mutanen da za a tarar. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ne da yawa daga cikinsu suka watsu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Accra. Jikokinsu ne yau suke zaune a benci a Aboabo da Nima da waya a hannu. Shi ya sa yake yi mini ciwo in ga yaronmu ya san salatif ɗin motar Google amma bai iya raba kaɗanya da ɗorawa ba.

Wani ciwon kuma shi ne tsakiyar hanyar kakannin nan ba ta cikin wasan. Nijar, Burkina Faso, Togo, Benin, Kwaddibuwa, duk motar ba ta zagaya titunansu ba. Direban da ya ɗauko albasa daga Galmi zuwa Kumasi ya ratsa ƙasashen da ɗan wasa a Turai bai taɓa ganin titinsu ba, kuma a idon wannan ɗan wasan Afirka ita ce ƙasashe goma sha kaɗan ɗin nan. Ina faɗa wa yaran wannan kullum, don kada taswirar wasa ta zame musu taswirar duniya.

Saura inda za ka ɗiga alama idan lokaci ya ƙure. A nan lissafi ne. Idan ka tabbata Ghana ce amma ba ka san yankin ba, kada ka ruga Accra don ita ce babban birni, tunda tana bakin teku, duk kuskurenka zai zama mai tsawo. Kumasi ko Techiman sun fi, Kintampo kuwa ita ake kira tsakiyar ƙasar. Idan kana waswasi tsakanin kudancin Ghana da kudu maso yammacin Najeriya, asarar ba ta da yawa, Accra zuwa Legas wajen kilomita 400 ne a miƙe. Amma idan waswasin tsakanin Ghana da Kenya ne, inda tazarar ta haura kilomita 4,000, raba tsakiya ba ya amfani, domin za ka faɗa dajin Kwango ka rasa duka biyun. Koma ka sake duba hannun da ake bi, ka nemi masallaci, ka zaɓi ɗaya.

Jiya da daddare yaron ya sake kawo wayar, wannan karon ya rufe ƙasan hoton da babban yatsansa da gangan don kada ya ga motar. Jar ƙasa ce, da ayaba, da tuddai, da wani ƙaramin masallaci mai koren fenti a gefen hanya. Ya daɗe yana kallo, ya juya kamfas, ya ce, "Kawu, liman ɗin nan arewa yake kallo, kuma babur ɗin can hagu yake bi." Ya matso da hoton kan wani kiyos mai ruwan ɗorawa, ya ga tambarin MTN, ya ja taswira zuwa Kampala.